Kada A Raina Gefen Wata

A shekarar 1819 wani masanin taurari mai suna Johann Tobias Bürg yana birnin Biyana, yana duban yadda wata ya rufe tauraron nan Antares, wanda Larabawa ke kira Ƙalbul Aƙrabi, wato zuciyar kunama. Da lokacin fitowarsa ya yi, sai wani ɗan tauraro mai raunin haske ya fara leƙowa daga bayan wata, kana babban ya biyo shi. Bürg ya ce lalle taurarin nan biyu ne, amma ba a gaskata shi ba. Sai a shekarun 1840 aka hangi ƙaramin da madubin hangen nesa.

Dalilin abin kuwa shi ne wata ba shi da iska a kewayensa, saboda haka gefensa yakan datse hasken tauraro tamkar wuƙa. Idan tauraron tilo ne, haskensa kan ɗauke gaba ɗaya. In kuwa tagwaye ne masu kewaya juna, sai ya ɗauke hawa biyu. Sau da yawa tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Shi ya sa wajen 1970 David Evans da Edward Nather na Jami'ar Texas a Amurka suka shiga auna hasken da na'ura mai ɗaukar awo dubu a sakan ɗaya. A yau kyamarori masu sauri na yin wannan aiki.

To, akwai masu ganin dabarar ta tsufa, tun da an sami manyan madubai da ake haɗa haskensu wuri ɗaya. Sukan ce wata ba ya rufe taurari sai waɗanda ke kan hanyarsa, wajen kashi ɗaya cikin goma na sararin sama ke nan. Mai bincike ba shi ke zaɓen ranar ba, kuma awo ɗaya ba ya nuna tazarar tagwayen sai ta fuska guda.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai isa hujjar watsi da ita ba. Daga kewayen tagwaye ne ake sanin nauyin taurari, kuma kafin a auna su tilas a fara gano su. Manyan madubai 'yan ƙalilan ne, layin masu jiransu kuwa da tsawo. Gefen wata kyauta ne. Jami'ar da ba ta da ƙarfin aljihu, muddin ta mallaki matsakaicin madubi da kyamara mai sauri da agogon da ba ya kuskure, tana iya kawo awon da manya za su ɗora aikinsu a kai.