Laifin Direba Ne, Ba Na A-Kori-Kura Ba

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwaltar Kano zuwa Daura a Kazaure ya nufi ƙauyukan Roni ko Gwiwa, ko ya bi hanyoyin rairayin da ke tsakanin Babura da iyakar Nijar, ya san yadda abin ke kasancewa. Mota a-kori-kura ta kafe, tayar baya na wulwulawa tana watsa yashi, direba ya danne totur, yaran ƙauye sun taru suna turi. Da an fita sai mai motar ya yanke hukunci cewa motar ce ba ta da kirki, tunda ƙafa biyu kawai ke ja, sai an sayo mai jan ƙafa huɗu. Wannan hukunci zalunci ne ga motar, asara ce kuma ga aljihu. Abin da ya fi kafar da mota a wannan yanki abu uku ne: taya mai tauri, baya marar kaya, da ƙafa mai nauyi a kan totur.

Tarihi ya ba da shaida. A 1940 Ralph Bagnold ya kafa rundunar sintirin Birtaniya mai ratsa hamadar Libiya, wadda ta dogara da motocin Chevrolet masu jan ƙafa biyu saboda rashin nauyinsu da ƙarancin shan mai. Makamansu su ne sassauta iskar taya da shimfiɗa farantan ƙarfe a ƙarƙashinta. A nan gida ma, Fijo 404 da 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, tayoyin baya kaɗai ke jan su, amma su suka yi shekaru suna dakon gero da gyaɗa da riɗi daga ƙauyukan ƙasar Kazaure. Yashin bai sauya ba. Ilimin tsofaffin direbobin ne aka yi watsi da shi.

A fara da iska. An saba mai faci ya ɗura wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, wai don ta ɗauki lodi. A kan kwalta, awo 30 zuwa 35 na PSI shi ne daidai ga yawancin irin waɗannan motoci. A cikin rairayi kuwa, taya mai tauri haƙa take yi kamar garma. Idan aka rage ta zuwa 18 ko 20, ɓangaren da ke taka ƙasa yakan ƙara tsawo, nauyi ya bazu, mota ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Hikimar da ke cikin faffaɗan tafin raƙumi ke nan. Sai dai akwai sharaɗi biyu. Ƙasa da 15, taya na iya zamewa daga kan rim. Kuma dole a mayar da iska kafin a hau kwalta, domin sassautacciyar taya kan ɗauki zafi a guje har ta fashe. A wuraren duwatsu irin na Roni a rage kaɗan kawai, kada tsini ya yanki gefenta. Ma'aunin iska da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, amma da wuya a same su a motar ofis.

Na biyu shi ne nauyi. Inji da direba suna gaba, tayoyin da ke ja suna baya. Shi ya sa motar da ta shiga ƙauye cike da taki lafiya lau take kafewa a hanyar dawowa wayam. Buhun yashi biyu ko uku masu kilo 50, a ɗaure su sosai daidai saman tayoyin baya, sun isa su sa taya ta kama ƙasa. A jibge su can bakin murfin baya kuwa kuskure ne, domin gaba zai yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana.

Na uku, ƙafar direba. A tsakiyar aksul na baya akwai na'urar da ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana. Illarta ita ce, idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, ita za ta yi ta juyawa, ɗayar ta tsaya cik. Ƙara wuta a nan haƙa wa mota kabari ne, ga ƙona kuloci. Gwanin direba kan shiga yashi da giya ta biyu, da matsakaicin gudu, ba ya canza giya a tsakiya, ba ya taka birki da ƙarfi, yana bin sawun da aka riga aka taka. Da ya ji ta fara nutsewa sai ya ɗaga ƙafa, ya koma baya a kan sawunsa. In ta ƙi, ya ɗauko shebur da jak da katako, ya ɗan ja birkin hannu kaɗan don tayar da ke tsaye ta sami rabonta na ƙarfi. Ya kuma san yashin asuba mai sanyi ya fi na azahar ƙwari.

Za a ce ai gyaran hanya haƙƙin gwamnati ne, kuma tun 1991 da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ake jira a wasu ƙauyuka. Gaskiya ne, kuma ba a ce a daina nema ba. Amma mai naƙudar da ake son kai wa Babban Asibitin Kazaure cikin dare ba za ta jira kwangila ba, haka allurar rigakafin da ƙanƙararta ke narkewa a bayan mota. Za a kuma ce mai jan ƙafa huɗu ta fi. Ta fi, musamman a taɓon fadama na watan Agusta, inda babu dabarar da ta wuce a sauya hanya. Amma ita ma tana kafewa a hannun wanda bai san iska ba, kuma takan kafe ne can ciki, inda fitar da ita ya fi wuya.

Ƙorafin yana kan masu ilimi ne: daraktan da ke sa hannu a sayen mota, jami'in lafiya, ɗan bokon da ya koma noma. Sukan amince da kashe miliyoyi a kan sabuwar Hilux, amma ba su taɓa tambayar direbansu ko ya san awon iskar tayarsa ba. Kafin a rubuta takardar neman wata motar, a sayi ma'auni da famfo da shebur da igiyar ja, a cika buhu uku da yashi, a kai direban ya yini tare da wani tsohon direban Fijo a tashar Babura. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.