Karatun Matashi a Gida: Wa Zai Zama Malami?

Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun Nijeriya baki ɗaya, wata tambaya da a da ake ganin ta Turawa ce ta shigo gidajen Hausawa: shin yaro zai iya yin karatun boko ba tare da ya taka harabar makaranta ba? Annobar ba ta gama lafawa ba sai ga wata masifar. A watan Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka ɗauke 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, jihohi da dama kuma suka rufe makarantun kwana. Da yawa daga yaran da suka dawo gida a wannan tsakani sun rabu da karatu ke nan, wannan kuwa matsala ce mai zaman kanta. Amma akwai wasu iyaye, galibi masu ilimin boko mazauna birane, da suka ƙi mayar da 'ya'yansu makaranta, suka kuma ƙi barin su haka nan. Tsoro ya hana wasu, tsadar makarantun kuɗi ta hana wasu, wasu kuma tarbiyyar da suka gani ce ba ta kwanta musu ba. Su ne suka ɗauki littattafai suka ce za su koyar da kansu.

Abin bai ma sami tsayayyen suna a Hausa ba tukuna. Idan aka ce "karatun gida", mai sauraro yakan ɗauka karatun allo ko na zaure ake nufi. Idan aka ce "lesin", ƙarin darasi ne ga yaron da ke zuwa makaranta da safe. Rashin sunan yana nuna daga inda tsarin ya fito. A Amurka ya yi ƙarfi, inda wani malamin makaranta mai suna John Holt, ba kamfanin Janhol da kakanni suka sani ba, ya fara fitar da mujalla a kan lamarin a 1977, zuwa 1993 kuma dukkan jihohin ƙasar 50 sun halatta shi. Dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ta ɗora wa iyaye wajibcin ilimantar da yaro, ko a makaranta ko ta wata hanya. Jamus kuwa ta haramta. A siffar da tsarin ya fi shahara da ita, uwa ce ko uba ke zama malami, teburin cin abinci ya zama aji. Wannan siffa ce iyaye Hausawa ke gani a intanet suna kwaikwayo, kuma ita ce ke ba su wahala da zarar yaro ya fara balaga.

Tambayar farko da iyaye kan yi ta doka ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane mahaifi ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala, ta tanadi gargaɗi a karon farko, tara ko ɗauri idan aka maimaita. Ba ta ambaci karatu a gida ba. Ke nan wanda ya janye ɗan shekara 13 yana tafiya ne a kan gaɓar da doka ba ta share ba, ko da yake ba a saba ganin an gurfanar da kowa ba; wanda ɗansa ya gama aji uku na ƙaramar sakandare kuwa ya fita daga wannan ƙangi. Tambaya ta biyu ta takardar shaida ce, ita ma tana da amsa. Hukumomin WAEC da NECO duk suna shirya jarrabawar kammala sakandare ga masu zaman kansu, waɗanda ba wata makaranta ce ta gabatar da su ba, kuma jami'o'i na karɓar sakamakonta. Abin da ake nema shi ne kiredit biyar har da Turanci, da lissafi a yawancin fannoni, sai jarrabawar JAMB, wadda ake yi da kwamfuta, ba a kuma yin rajistarta sai da lambar NIN. Duk wannan aiki ne na bin layi da lura da ranaku. Mahaifin da ya iya neman fasfo zai iya shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe, lokacin da za a buɗe littafin kemistiri. Uwar da ta karanta tarihi a jami'a za ta iya koya wa ɗan shekara bakwai karatu da ƙidaya ba tare da gumi ba, amma darussa takwas ko tara na babbar sakandare sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kome iliminsa. Masu zaman kansu kan rubuta jarrabawar da ke maye gurbin aikin ɗakin gwaje-gwaje a kan takarda, don haka yaro na iya cin kemistiri da fiziks bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, sai ya shiga jami'a a gane. Bidiyon intanet na rage wani abu, idan akwai wuta da data, sai dai wayar da ake kallon darasi a cikinta ita ce dai wayar da ke ɗauke hankalin mai kallon. Wannan matsala ce da iyayen Amurka ma ke kuka da ita. Akwai kuma wadda ta fi shafar Bahaushe, wadda littattafan da aka rubuta a can ba su san da ita ba.

Tsakanin Bahaushe da ɗansa akwai kunya. Ba a faɗin sunan ɗan fari, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna damuwa da shi a fili. Baba ta Karo ta yi dogon bayani a kan wannan, da kuma al'adar ba da 'ya'ya riƙo, a littafin tarihin rayuwarta da Mary Smith ta wallafa a 1954. Gaskiya ne abin ya yi sauƙi a gidajen 'yan boko na yau, inda uba kan kira ɗan farinsa da sunansa har ya kai shi makaranta a mota. Amma kunyar ba ta mutu ba, ta dai koma gefe tana jiran lokacinta, lokacin kuwa shi ne balaga. Koyarwa tana buƙatar abubuwan da kunya ta hana: ɗalibi ya kalli malami ya ce bai gane ba, ya ja da shi, ya kama shi da kuskure. Yaron da aka tarbiyyantar a kan ya sunkuyar da kai idan Baba na magana, ya amsa da "to", ba zai ɗago ranar Litinin ya ce, "Baba, lissafin nan ba daidai ba ne." Zai ce ya gane alhali bai gane ba, uban kuma ya tashi da murna, sai sakamakon jarrabawa ya fito.

Akwai darussan da ma ba sa koyuwa tsakanin uba da 'ya. Manhajar bayoloji ta babbar sakandare na ɗauke da babin haihuwa da gaɓoɓinta. Babin tsarki a Ahalari da Ishmawi na magana a kan janaba da haila. Wane uba ne zai zaunar da 'yarsa mai shekara 15 ya warware mata waɗannan, wace uwa ce za ta yi wa saurayin ɗanta? Abin da kan faru shi ne a tsallake shafin, kowa ya yi kamar bai gani ba, waya ta cike gurbin.

Sai kuma horo. Malamin makaranta yakan yi wa yaro faɗa, a tashi, kowa ya kama gabansa. Uwar da ta yi wa ɗanta faɗa a kan jimlar Turanci da hantsi ita ce za ta miƙa masa tuwo da dare, fushin aji ya bi su har kan tabarma. Idan ta zo duba aikinsa, ko dai tausayi ya sa ta ƙara masa maki, ko tsoron kada a ce ta gaza ya sa ta tsananta fiye da kima. Matashi kuwa yana shekarun da yake son jin hukuncin wani wanda ba iyayensa ba. Yabon uwa bai cika gamsar da shi ba, domin ya san ko bai yi ƙoƙari ba tana son sa.

Magabata sun san wannan, shi ya sa ba su ɗora wa mahaifi wannan kaya shi kaɗai ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, amma da ya tasa sai ya koma hannun dangin iyayensa irin su Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo, daga baya ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Abdullahi ya faɗa a littafin da ya jero malamansa cewa shi ma a wurin mahaifi ya fara, yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga wansa. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a cikin gida ta yi karatunta, amma gida ne mai malamai da yawa, maza da mata. Waɗannan duka karatun gida ne, babu allon bango babu ƙararrawa, sai dai a kowannensu an san lokacin da uba ke janye hannu. Haka abin yake a sana'a: maƙeri ko maɗinki yakan tura ɗansa wurin ɗan'uwa ko aboki ya koya, ba don shi bai iya ba. Masu nazarin al'ada sun daɗe suna kallon riƙo ta fuskar zumunci da rashin haihuwa; ya cancanci a sake kallonsa a matsayin dabarar koyarwa.

Za a iya cewa wancan zamani ya wuce. Gidan gandu ya watse, kawu na Abuja, goggo na Kaduna, mai koyar da ɗansa a gida yana zaune a rukunin gidajen da maƙwabci bai san maƙwabci ba. Wannan gaskiya ce, amma ba ta rushe hujjar ba, sai dai ta sa aikin ya ƙara tsada. Abin da dangi ke yi a da kyauta, yanzu sai an nemo shi: malamin lesin na lissafi da kimiyya, malamar Islamiyya da za ta ɗauki babin tsarki, makarantar unguwa da za a roƙa ta ba yaro damar shiga ɗakin gwaje-gwajenta ranar Asabar, tela ko mai gyaran waya da zai riƙe shi da yamma. Gidaje uku ko huɗu na iya haɗa kai, uban wannan ya koyar da ɗan wancan, a raba kuɗin malami. Wannan na magance wata damuwar da ke cin iyaye, wato rashin abokai, domin matashin da bai da sa'o'in da zai yi gardama da su ba ya sanin matsayinsa a karatu. Sai dai a lura, idan taron ya yi girma ya zama makaranta marar rajista, nan kuma hukuma na da ta cewa. Wanda ke tunanin karatun gida hanya ce ta tsimin kuɗi, ya sake lissafi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne gidan Bahaushe ba ya rufuwa. Baƙo ba ya sanarwa kafin ya zo, ga suna, ga biki, ga gaisuwar rasuwa, kuma duk yaron da aka gani a gida da hantsi ɗan aike ne. Abin ya fi tsanani ga 'ya mace. Tana tsakiyar darasi za a ce ta duba tukunya, ta goya ƙanenta, ta kai wa baƙi ruwa, a hankali awa huɗu ta koma ɗaya ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba. Maƙwabta kuma suna da tasu fassarar: budurwar da ba ta sa kayan makaranta ta gama karatu ke nan, sai masu neman aure su fara sallama. Uwar da ke son 'yarta ta zama likita tana bukatar ta iya ce wa 'yar'uwarta, "Yaya, a yi haƙuri, tana karatu sai azahar," ta kuma jure abin da za a faɗa bayan ta juya baya. Malamin da ke zuwa daga waje yana taimakawa a nan ma, domin ana jin nauyin katse baƙo fiye da yadda ake jin nauyin katse uwa.

Wasu yaran kan gama manhaja da wuri, tun da babu jiran aji. Iyaye su sani mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne. A 2024 an yi yunƙurin mayar da shi 18, aka janye kafin shekarar ta ƙare. Shekara ɗaya ko biyu da za ta rage ba asara ba ce, ana iya cike ta da hadda ko sana'a, ko karatun Hausa, wadda darasi ce a WAEC da NECO amma ita ake fara yarwa a irin waɗannan gidaje bisa zaton mai jin harshe ba ya bukatar koyon rubuta shi.

Saura tambayar da ta kamata ta zo da farko, amma ba kasafai ake yin ta ba: shi yaron yana so? Ɗan shekara bakwai ana yanke masa hukunci, ɗan shekara 15 kuwa idan bai yarda ba zai zauna gaban littafi ne kawai har lokaci ya cika. Uba na iya kiran sa falo ya tambaye shi, amsar kuma sananniya ce tun kafin a yi tambayar. Hanyar da Hausawa suka saba bi wajen jin cikin budurwa kafin a ba da ita ita ce ta dace a nan: a tura kaka, ko goggo, ko abokin wasa, wanda yaron ke iya yi wa musu. Abin da ɗan aiken zai dawo da shi sau da yawa yakan sha bamban da "to" ɗin da aka ji a falo.