Gwaninta Ba Ta Halasta Tsiraici

A shekarar 1889 aka buɗe gidan rawa na Moulin Rouge a birnin Faris na ƙasar Faransa, inda ake cin abinci, ana shan giya, ana kallon mata suna rawa da ɗan abin da bai kai a kira shi tufafi ba. Wannan salon, da ake kira kabare, shi ne daga baya aka haɗa da wasannin bajinta irin su alkafura, lilo a kan igiya da lanƙwasa jiki, aka kuma zuba masa barkwanci. Kamfanin Cirque du Soleil na ƙasar Kanada ya buɗe irin wannan wasa mai suna Zumanity a Las Vegas ta Amurka a 2003, bai rufe ba sai a 2020. Wani mai suna Absinthe yana gudana a birnin tun 2011. Duka biyun an ware su ne ga waɗanda suka kai shekara 18.

Da abin ya tsaya a can, da ba mu ɓata tawada ba. Amma guntayen bidiyon irin waɗannan wasanni suna shigowa wayoyinmu ta TikTok da Facebook, kuma waya ba ta tambayar shekarun mai riƙe da ita. Uzurin da aka fi ji kuwa shi ne: "Ai gwanintar nake kallo."

Gwanintar gaskiya ce, ba mu musa ba. Mutumin da ya rataye da hannu ɗaya a saman rufi yana juyawa ya sha wahalar horo na shekaru. Musulunci kuma bai ƙi wasan jiki ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Manzon Allah (SAW), Nana A'isha (RA) tana kallo ta bayansa har sai da ta gaji don kanta. Ya yi tseren gudu da ita. Yana kuma yin raha da sahabbansa, sai dai ba ya faɗin komai face gaskiya. Saboda haka duk mai wa'azin da ya haramta alkafura da dariya gaba ɗaya ya ƙuntata abin da shari'a ta yalwata, kuma matasa za su daina saurarensa.

Matsalar tana ga abu na uku, wanda shi ne ainihin hajar da ake sayarwa. Umarnin runtse ido da ke cikin aya ta 30 da ta 31 a Suratun Nur bai keɓe al'aurar gwani ba. Jikin da aka tsiraita al'aura ne, ko yana ƙasa ko yana lilo a sama, kuma kallonsa a allon waya bai canza manufar da aka tsiraita shi dominta ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne aikin da barkwanci yake yi a cikin wannan haɗi. Mai gabatarwa yakan zuba batsa, ya tsokani 'yan kallo, wani lokaci ya jawo wasu zuwa dandamali. Mutum mai kunya idan ya ga tsiraici shi kaɗai yakan kau da kai. Amma idan aka sa shi dariya tukuna, jama'a kuma suna ta shewa a gefensa, sai kau da kan ya zama kamar ƙauyanci. Kunya, wadda hadisi ya lissafa cikin rassan imani, ba da hujja ake rushe ta a nan ba, da dariya ake yi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. 'Yan gambara sun daɗe suna shigar da batsa kasuwanni ta wannan ƙofa, dattawa na murmushi suna ba da kuɗi.

Ga wanda karatu ko kasuwanci ya kai waɗannan birane, aka gayyace shi da sunan shaƙatawa, alamar shekara 18 da ke jikin tikiti ta ishe shi sanin abin da ke ciki, balle ga teburin da ake zagayawa da giya. Ga mai waya kuma, manhajojin nan suna ƙaro wa mutum irin abin da ya tsaya a kansa ne. Daƙiƙa goman da aka ba alkafura yau, su ne za su jawo bidiyon da babu alkafura a cikinsa gobe, a wayar da ƙila ƙaramin yaro ne zai are ta da yamma.