Injiniyan Takarda Da Katakon Da Ya Ƙi Lanƙwasuwa

Autanmu ne ya kunyata ni, yaro ɗan shekara tara. Wani dare a hunturun da ya wuce muna zaune a soron gidanmu a Unguwar Sanusi, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune, sai ya miƙo min wayata da ya ɗauka ba da izini ba. Bidiyon wasu yara ne a Kanada, sun hau wani faffaɗan katako mai lanƙwasasshen goshi suna sulalowa daga tudu a kan dusar ƙanƙara. Ya ce, "Yaya, ba kai ne injiniya ba? Yi min irin wannan." Na ce masa ai mu nan ba mu da ƙanƙara. Ya ce, "To ai akwai yashi."

Gaskiyarsa kuwa. Duk wanda ya tashi a unguwa ya san da zarar tifa ta sauke yashin gini, kafin magina su iso yara sun mai da shi filin wasa. Su yanka tsohuwar jarka, su zauna a ciki su sulalo. Matsalar jarka ita ce bakinta yakan caki yashi, yaro ya wuntsila da ka. Amfanin lanƙwasasshen goshin nan ke nan, yana hawa kan abin da ke gabansa maimakon ya nutse. Na ce masa ya ba ni mako guda.

Washegari na sayi guntun filawud mai kaurin milimita 12, na jiƙa shi da ruwan zafi, na sa ƙarshensa a ƙarƙashin dakali na danna da ƙarfina. Sai ji na yi ƙas! Ya tsage, ɓawonsa ya ɗaye kamar albasa. Kuɗina sun tafi, autan kuma yana tsaye yana kallona. Wallahi da ya yi dariya da ya fi min sauƙi. Shiru ya yi.

Akwai wani dattijon kafinta a layinmu wanda tun ina firamare nake wuce shagonsa, ban taɓa tsayawa ba sai gaisuwa. Na kai masa gawar katakon. Ya juya shi ya ce, "Injiniya, da ƙarfi ka zo masa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ya riga ya girma." Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Sai ya zaro siraran filawud guda uku, kowanne milimita 4, ya lanƙwasa ɗaya da hannu ɗaya kamar kwali.

Ga yadda muka yi. Da farko ya sa na zana siffar lanƙwasar a kan ragowar katako mai kauri, muka yanka guda uku iri ɗaya da zarto, muka haɗa su suka zama abin da za a kwantar da aikin a kai. Ya ce in ƙara tsananta lanƙwasar kaɗan fiye da yadda nake so, domin in an kwance katako yakan ɗan koma baya. Sannan muka yanka siraran nan uku, tsawon ƙafa huɗu, faɗin ƙafa ɗaya da rabi, yadda jijiyar saman katakon za ta gitta lanƙwasar, don ta nan ya fi yarda. Muka shafe tsakaninsu da farin gam na kafintoci, muka jera su, muka kwantar, muka ɗaure tamau da robar tsohon tiyub na babur, tunda ƙarafan matsewa biyu kawai gare shi. Da sassafe muka yi, saboda iskar hunturu tana busar da gam kafin mutum ya kimtsa. Bayan kwana ɗaya muka kwance, ga goshi ya tsaya cak. Muka goge gefuna da samfefa don kada su yanki yaro, muka huda ramuka biyu na igiya, muka manna guntun fomeka a ƙasa muka goga masa kyandir, domin yashi ya fi ƙanƙara riƙe abu nesa ba kusa ba. Daga baya na ga ashe masu sulu a kan tudun rairayi a Namibiya ma haka suke goge allunansu da kakin zuma ko makamancinsa.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan: dalilin da ya sa katakona ya karye na Baba ya lanƙwasu, na rubuta shi a jarrabawa, har na ci. Taurin abu wajen lanƙwasuwa yana tafiya ne da kaurinsa sau kansa har uku. Milimita 12 ninki uku ne na milimita 4, don haka taurinsa ninki 27 ne. Siraran kuma suna zamewa a kan juna yayin lanƙwasawa, in gam ya bushe sai ya kulle su a inda suke. Na san lissafin, amma da katako ya zo hannuna ko tuna shi ban yi ba. Baba bai taɓa ganin lissafin ba, amma hannunsa ya san shi shekara da shekaru.

'Yan uwa ɗalibai, ra'ayina ke nan: da yawanmu muna kan hanyar zama injiniyoyin takarda, kuma laifin namu ne kafin na kowa. Makarantar nan tun 1956 aka kafa ta a matsayin cibiyar koyon fasaha, ta samu sunan da take da shi yanzu a 1968. Hukumar NBTE da ke kula da ilimin fasaha a faɗin ƙasar nan, hedikwatarta a Kaduna take. Ga Panteka a bakin ƙofarmu, inda ake ƙera injin niƙa da tukwane da ƙofofi daga ƙarfen da wani ya yar. Amma mu yaushe muke shiga Panteka? Mu faɗi gaskiya, sai lokacin furojet ya matso, a haɗa kuɗi a kai wa mai walda zane, a dawo a karɓa, a yi fenti, a tsaya gaban malamai ana "mun ƙera". Zuwa da kai dai ya fi saƙo. Kullum muna kukan ana fifita mai digiri a kan mai HND, kuma kukan yana kan hanya. To amma hujjarmu ita ce mu masu aikin hannu ne. In aka miƙo mana zarto muka riƙe shi a karkace, da wane baki za mu yi magana?

Na san wani zai ce wannan ai wasan yara ne. Haka ne, wasa ne. Amma dabarar manna siraran katako a lanƙwasa su ita ce Charles da Ray Eames, miji da mata, suka yi amfani da ita a Amurka suka ƙera wa sojojin ruwa karan ɗori na filawud a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya suka fitar da kujerun da har yau ake sayarwa. A wannan yaƙin Ingila ta yi jirgin sama mai suna Mosquito wanda yawancin jikinsa katako ne. A Goma ta ƙasar Kwango, wani keken katako da ake kira cukudu yana ɗaukar kaya masu nauyi yana ciyar da gidaje. Mu ma nan, wa bai yi motar kara ba bayan girbi, ko motar gwangwani mai tayar silifa? A nan aka fara koya mana awo da daidaito, sai muka shiga aji muka raina shi.

Wani kuma zai ce babu kuɗi, ga tsadar rayuwa. Wannan ban musa ba, ni ma da garin kwaki nake ƙarasa wata. Amma duk abin da ya shiga aikin nan, ban da gam da siraran filawud, ragowa ne: tiyub, fomeka, igiya, kyandir. Abin da ya fi tsada shi ne sauke girman kai in tsuguna gaban dattijon da bai yi boko ba in ce ya koya min. Akwai kuma mai cewa haɗari ne. Wannan magana ce mai nauyi, shi ya sa na kafa wa autan doka: ba a tulin da ke bakin titi ba, ba tare da babba ba, kuma ba a haƙa rami a gindin yashi. Tunanin lafiyar mai amfani da abu ai wani ɓangare ne na aikin injiniya.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu. A makon ɗalibai, kusa da ƙwallo da kacici-kacici, a ware rana guda ta ƙira. Kowane sashe ya fito da abin wasa ɗaya da ɗalibai suka yi da hannunsu daga ragowar kaya. A gayyato masu sana'a daga Panteka su zauna tare da malamanmu su yi alƙalanci, a kuma tambayi kowa me ya lalace masa kafin ya dace. Bayan nan a kai kayan makarantun firamare na Tudun Wada da Unguwar Sanusi.

Shi kuwa autan, ranar da ya fara sulalowa yara sun fi goma suna layi. Fomekar ta ɗaye bayan sati biyu, don ban bar gam ya sha iska yadda Baba ya ce ba. Na sake mannawa da kaina. Yanzu in na wuce shagon, Baba yakan ce, "Injiniya, yau me za mu karya?" Ni kuma in cire jaka in shiga.