Gyambon Baki: Haƙuri Yana da Iyaka

Akwai wani ɗan gyambo fari da kan fito cikin leɓe ko a harshe, ya hana mutum sakewa da abinci. Ba a ɗaukarsa daga wani, yakan kuma warke da kansa cikin mako 2. Kuskure ne a danna masa asfirin, gama ƙona naman baki yake yi. Abin da ya fi shi ne kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, da rage yaji, da cin hanta da ganyaye, domin ƙarancin jini yakan jawo shi. Amma gyambon da ya wuce mako 3, musamman ga mashayin taba, lalle likita ya gan shi, don ciwon daji ma haka yakan soma.