Kwamfuta Ba Ta Ƙirga Buhu

Mai karatu, a hutun da ya gabata na yi aikin wucin gadi a sashen sayen kaya na wani kamfanin abinci a Legas. A can na fara ganin manhajar nan da ake yi wa kirari da maganin cuwa-cuwa. Ga yadda take aiki: mai buƙatar kaya ya shigar da buƙatarsa, manaja ya amince, sai ita da kanta ta aika wa dillali oda. Kuma ba za ta saki ko kwabo ba sai takardu uku sun dace da juna: ta oda, da ta karɓar kaya a sito, da ta neman biya.

Ko kusa ba na musun amfaninta. Tun 2002 Koriya ta Kudu ta haɗe sayayyar gwamnatinta a tsari guda na intanet mai suna KONEPS. A 2016 Yukiren ta wajabta wa hukumominta ProZorro, inda kowa ke iya duba wanda ya ci kwangila da kuɗin da ya nema. Mu ma a Nijeriya muna da dokar sayayyar gwamnati ta 2007, kuma irin wannan manhaja za ta ƙara mata haƙora.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Wata rana an yi odar sukari buhu 200, mota ta sauke 180, mai kula da sito ya rubuta 200. Takardu uku suka dace, manhaja ta biya dillali cif-cif. Sai a ƙirgen ƙarshen wata asiri ya tonu, kuma leburori aka fara tuhuma, saboda wai kwamfuta ba ta ƙarya. Gaskiya ne, ba ta ƙarya, amma abin da aka ba ta shi take haɗiyewa. Takarda take gwadawa da takarda, ba ta taɓa leƙa sito ba.

Don haka ra'ayina shi ne, duk ma'aikatar da za ta sayi wannan manhaja, kada ta miƙe ƙafa. Mai yin oda daban, mai karɓar kaya daban, sannan a riƙa kai ƙirgen ba-zata. Hausawa sun ce gani ya kori ji. In ba haka ba, ɓarawo ya samu shaidar da ba a yi mata gardama, talaka kuma ya kwana a ciki. Allah Ya sa mu gane.