A Buɗe Wa 'Yan Mazan Jiya Ƙofar Gyara Takardunsu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin soja da wakilanmu na majalisa kan wani al'amari da ba a cika tada shi ba idan ana maganar 'yan mazan jiya. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu akan ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi jawabai kan fansho da kula da iyalan waɗanda suka kwanta dama. Duk wannan daidai ne. Amma akwai tsohon sojan da ya je fagen daga, ya dawo da tabo a jiki, sai ga shi takardar sallamarsa ba ta san ya je ko'ina ba. Shi ne ba a ambata a wajen bikin, kuma a kansa nake son yin magana.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya, ina zaune a Ɗorayi. Duk wanda ya san unguwar nan ya san tana cike da mutanen da suka ci abinci a kamfanonin Sharaɗa da Challawa, wasu har Bompai suke takawa da keke. A lokacin da masaƙu da kamfanonin fata da na roba ke aiki dare da rana, da wuya ka je ƙofar kamfani ba ka tarar da tsohon soja yana gadi ba, domin masu kamfanoni sun fi yarda da wanda ya taɓa sa kaki. Da rashin wuta da kwararowar kayan waje suka durƙusar da kamfanonin, sai waɗannan dattawa suka dawo gida suka zauna. Da yake an san ina karatun boko, sukan kawo mini takardunsu in duba musu, musamman idan an yi shelar tantance 'yan fansho. A nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wani maƙwabcina da duk unguwa ke kira Baba Saja, saboda da igiya uku ya bar aiki. Yana cikin dakarun kiyaye zaman lafiya na ECOMOG da ke Monrobiya, babban birnin Laberiya, a watan Oktoba na 1992, lokacin da mayaƙan Charles Taylor suka yi wa birnin ƙawanya a farmakin da ake kira Octopus. Ɓarɓashin bam ya shige shi a ƙasan gwiwa, har yau idan hunturu ya kama sai ka ga yana jan ƙafar. Takardunsa suna cikin wani tsohon akwatin ƙarfe, an naɗe su da leda, an ɗaure da tsumma. Ranar da ya kwance mini su, sai ya fara miƙo hoto: ga shi matashi, hular kwano fara a kansa, an rubuta ECOMOG a goshinta. Sannan ya miƙo takardar sallama, ya ɗora yatsa a kan gurbin da ake rubuta lambobin yabo. Ba komai a wurin sai ɗan gajeren layi da wani akawu ya ja da biro. Ya ce mini, “Malam, karanta mini nan wurin. Yarana sun ce wai babu komai.” Na ce masa, “Baba, gaskiya suka faɗa maka.” Ya yi shiru, ya mayar da takardar cikin ledarta.

Abin da ke ci masa rai ya wuce maganar ƙarfen da ake maƙalawa a ƙirji. A majalisar ƙofar gida, samari sukan ce, “Baba, a ba mu labarin Laberiya mana,” suna ƙifta wa juna ido. Mu Hausawa mun daɗe muna ɗaukar labarin tsohon soja kamar na mafarauci, a saurara don nishaɗi, a rage rabi. Mutumin da ya ga abokansa sun faɗi a gabansa, yau an mayar da shi mai shaci-faɗi, kuma takardar da ya kamata ta tsaya masa ita ce ta fara ƙaryata shi.

Na bi diddigin yadda irin wannan ke faruwa wajen tsofaffin akawunan soja da na sani. Suka ce duk abin da ya sami soja a aikinsa, ƙarin girma ne, ko sauyin wurin aiki, ko kwas, ko aure, ko rauni, ko lambar yabo, sai an buga shi a takardar odar bataliya, wadda suke kira fat-tu, sannan a aika da ita ofishin ajiyar bayanan sojojin ƙasa da ke Lakwaja a shigar a fayil ɗinsa. Abin da ba a buga ba, a wajen hukuma bai faru ba. To a lokacin yaƙi, wa ke zaune kan tafireta? Ana cike gurbin bataliya da sojojin da aka aro daga wasu barikoki, a kwashe wanda ya ji rauni a dawo da shi gida kafin 'yan uwansa, a raba lambobi a wajen fareti yana kwance a asibiti. Bataliyar da ta aro shi tana ganin tasa ce za ta rubuta, tasa kuma tana ganin waɗanda suka kai shi ne za su rubuta. Haka mutum ke faɗawa tsakani.

Ga kuma matsalar suna. Tun zamanin Turawa ake rubuta 'yan Arewa da sunan garinsu, sai ka sami masu suna ɗaya da yawa a runduna guda. A Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 sojojin Najeriya sun tashi daga kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000 cikin shekara uku, ana ɗiban kurata ana tura su bakin daga bayan horo na 'yan makonni. Ba a yi mamaki ba idan fayilolin wancan zamani suka harɗe. Dattawan da lambarsu ta soja ta fara da 63NA sun fi kowa sanin wannan.

Ya kamata a bambanta abu biyu, domin ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai lambar halartar yaƙi, wadda duk wanda ya yi adadin kwanakin da aka gindaya a wurin yake da haƙƙinta, kamar lambar ECOMOG, ko ta Majalisar Ɗinkin Duniya da galibi ake bayarwa bayan kwana 90 a aikin kiyaye zaman lafiya, irin wanda sojojinmu suka yi a Kwango daga 1960, da Labanon daga 1978, da Darfur daga baya. Wannan gyaranta ba shi da wuya, domin akwai jerin sunayen waɗanda aka tura, akwai takardun biyan alawus, akwai rajistar asibiti. Sai kuma lambar jarumta, irin su Tauraron Kogin Neja da Tauraron Kogin Binuwai, waɗanda sai kwamanda ya rubuta shaidar abin da soja ya yi sannan a duba. Wannan ita ce mai wahala, musamman idan kwamandan ya rasu. Ni abin da nake nema wa Baba Saja da ire-irensa shi ne ta farkon, wadda ba alfarma ba ce.

Mun gwada nema. A wani ofishi aka ce mana ba nan ba ne. A wani kuma aka ce sai ya rubuto ta hannun bataliyarsa, alhali bataliyar ta bar barikin da ya santa tun da daɗewa, babu ko mutum ɗaya a cikinta da ya san fuskarsa. Muna fitowa wani ya tare mu a bakin titi, ya ce idan an ba shi na mota da na goro zai fito da takardar cikin mako biyu. Ban zargi ma'aikatan da muka tarar ba, sun karɓe mu da mutunci, ruwa ma sun ba dattijon. Abin da na fahimta shi ne su kansu ba a ba su wata sananniyar hanya da za su ɗora mu a kai ba. Inda kuwa babu ƙofa, 'yan damfara ne ke cin kasuwa.

Edita, abin ya fi ba ni takaici idan na tuna sunan barikin da aka ajiye waɗannan fayiloli a Lakwaja, wato Barikin Chari Maigumeri. Wannan bawan Allah ɗan ƙasar Barno ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, suka ba shi lambarsu ta Iron Cross, daga baya ya shiga rundunar Ingilishi, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya sami lambar jarumta ta Military Medal, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Mun san duk wannan ne saboda an rubuta. Dubun-dubatar 'yan uwansa da suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma fa? Sunayen wuraren da suka yi yaƙi mun liƙa su a barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas. Mu nan Kano muna da Bukavu, sunan wani gari a Kwango. Mun riƙe sunayen garuruwa da ƙoramu, mun saki sunayen mutanen. A gidaje da yawa na birni da ƙauye akwai kakan da aka ce ya je yaƙin Hitila, amma jikoki ba su da ko tsinken takarda da za su nuna. A 2021 ma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu a wajen tunawa ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a gaban majalisa. Wancan laifin Turawa ne. Na Laberiya da Saliyo kuwa namu ne, kuma masu abin suna raye.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa fayil yana kuskure. A Amurka tun 1946 doka ta ba kowace runduna damar kafa kwamitin gyara bayanan soja, akwai fom guda da tsohon soja ko magajinsa zai cike ya haɗa da hujjojinsa. Su ma ba su tsira daga asara ba: a Yulin 1973 gobara ta cinye fayilolin soja tsakanin miliyan 16 zuwa 18 a ma'ajiyarsu ta St. Louis, amma suka koma ga takardun albashi da na asibiti suna sake haɗa tarihin mutane ɗaya bayan ɗaya. A 1997 Shugaba Clinton ya ba baƙaƙen fata bakwai da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu lambar jarumta mafi girma ta ƙasar, wadda wariya ta hana su a lokacin, kuma mutum ɗaya ne kawai, Vernon Baker, yake raye ya karɓa da hannunsa. Henry Johnson, wanda ya yi bajintarsa a Faransa a 1918, sai a 2015 aka ba shi tasa. Ba na fatan mu jira irin wannan tsawon lokaci.

Na san wani zai ce lamba ba tuwo ba ce, a fara biyan fansho kan lokaci tukuna. Ban musa ba. Sai dai fayil ɗin da ya manta da lambar mutum shi ne ya manta da rauninsa, kuma raunin da ba a rubuta ba, da wace hujja za a nemi haƙƙinsa ko kuɗin magani? Wani kuma zai ce idan aka buɗe wannan ƙofa, kowane maƙaryaci zai zo ya ce shi ya ƙwato Freetown ta Saliyo a 1998. Wannan tsoro yana da tushe, domin ana sayar da lambobi da kaki a kasuwa, kuma mun sha ganin wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba ya cika ƙirji da su ranar biki. Maganin haka shi ne bincike mai tsauri. Mai gaskiya ba ya gudun a duba jerin sunaye, shi ma abin da yake roƙo ke nan.

Don haka ina kira ga hedikwatar sojojin ƙasa da Ma'aikatar Tsaro su fito da hanya guda sananniya, a yi shelarta a rediyo da Hausa da sauran harsuna. A sa tebur ɗaya a Birged ta 3 da ke nan Kano, ko a ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta jiha, inda dattijo zai kai kokensa a ba shi rasit mai lamba, a gaya masa watan da zai dawo ya ji amsa, ko an yarda ko an ƙi, tare da dalili. Bai kamata mai shekara saba'in da ciwon ƙafa ya hau motar Lakwaja ko ta Abuja, ya kwana a tasha, don a gyara kuskuren da ba shi ya yi ba. A karɓi rantsuwar abokan yaƙinsa biyu da suka zauna rami ɗaya da shi idan ta dace da abin da ke rajistar asibiti ko ta albashi. Kuma a bar matar mamaci ko 'ya'yansa su nema a madadinsa. Wannan batu na shaidu shi ne na gaggawa, domin waɗanda suka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a Agustan 1990 yanzu furfura ta cika musu kai, muna zuwa jana'izarsu ɗaya bayan ɗaya. Yaranmu da ke fagen daga a Barno da Zamfara yau, su ma a tabbatar ana rubuta musu nasu tun da zafinsa.

Su kuma iyalan tsofaffin sojoji, ina ba su shawara su fito da takardun nan daga ƙarƙashin gado kafin gara ko ruwan damina ya riga su. A yi musu hoto da waya, a yi kwafi a ajiye a gida biyu, a rubuta lambar soja ta mahaifi a wurin da ba za ta ɓace ba, domin da ita ake neman fayil, ba da suna ba. A zauna da dattijon a tambaye shi sunan bataliyarsa, da kwamandansa, da shekarar da ya tafi, da asibitin da aka kwantar da shi, da waɗanda suka rage a raye cikin abokansa. Kada a miƙa wa kowa takardar asali a bakin titi, ko da ya zo da kaki.

Ina fatan wakilanku za su nemi jin ta bakin hukumar soja kan wannan batu, ku buga mana amsarta a wannan shafi.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Ɗorayi, Kano.